Gwanjo da Masu Zanen Ƙasa da Tsirrai: Nazari a kan Hoton Kano na Barth da Bernatz

1.0 Gabatarwa

A Hausar yau da kullum, in an ce kaya na gwanjo ne, to ana nufin sun riga sun sha hannu, kuma mai saye yana sa ran samunsu da araha. Tufafin da ake kwancewa daga dila, da tsofaffin motocin gwamnati, da kayan wanda bashi ya ci, duk a nan suke ƙarewa. A Landan da Faris da Niyok kuwa al'amarin ya sha bamban, domin a can gidajen gwanjo irin su Sotheby's (1744) da Christie's (1766) da Bonhams (1793) su ne wuraren da ake yanke wa zane farashinsa mafi tsada, kuma farashin da guduma ta faɗa a kansa yakan bi mai zanen har cikin littattafan tarihi, ya zama kamar shi ne ma'aunin gwanintarsa.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wannan ma'auni dangane da nau'o'in zane guda biyu, watau zanen shimfiɗar ƙasa da zanen tsirrai. An ɗauki hoton birnin Kano da ke cikin littafin Heinrich Barth a matsayin abin nazari, an gwada shi da rayuwa da ayyukan wasu masu zane na wasu ƙasashe waɗanda kayansu suka shiga gwanjo. Daga nan sai aka juya ga karkarar yammacin Kano, musamman Garo ta ƙasar Kabo a kan hanyar Gwarzo, don a ga abin da wannan kasuwa ta ƙyale, da abin da ƙyalewar za ta jawo wa masu nazarin harshe da al'ada.

2.0 Abin da Gwanjo Yake Aunawa

Ciniki ta hanyar ƙarin farashi ba baƙo ba ne ga fiƙihu. Malamai sun halatta shi, abin da aka hana shi ne najashu, watau mutum ya ɗaga farashi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani, kuma hanin ya zo a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Saboda haka ba halaccin gwanjo ake tuhuma a nan ba. Abin tambaya shi ne, wane irin hukunci ne farashi yake yankewa a kan zane?

Duk wanda ya karanta kundin da gidan gwanjo yake fitarwa kafin ranar sayarwa zai ga abubuwa huɗu ake jaddadawa: sunan mai zane, da jerin hannayen da zanen ya bi kafin ya iso, da ƙarancin irinsa, da lafiyar takarda ko ƙyallen da aka yi shi a kai. Jerin masu mallaka ya yi kama da isnadi, sai dai isnadin mallaka ne, ba ya tabbatar da ingancin abin da ke cikin hoton. Ko ganyen da aka zana ya dace da na ainihin itacen, ko tudun da aka nuna yana nan a inda aka sa shi, wannan ba ya cikin abin da masu taye suke biya dominsa sai nadiran.

Misali mafi bayyana shi ne na Pierre-Joseph Redouté (1759–1840), wanda ya yi wa Josephine, matar Napoleon, zanen furanni. Littafinsa Les Liliacées ya fito tsakanin 1802 da 1816 da hotuna 486. Redouté ya rasu cikin ƙuncin bashi. A watan Nuwamba 1985 aka kawo ainihin zane-zanen, guda 468 da ya yi da fentin ruwa a kan jemammiyar fata, gidan Sotheby's na Niyok, wani dillali mai suna W. Graham Arader ya saye su a dunƙule a kan dala miliyan 5.5, sa'an nan aka rarraba su ga masu hannun jari. Aikin da aka shekara goma sha huɗu ana haɗawa, wanda amfaninsa ga ilmi yana cikin a jera wannan fure kusa da wancan a gwada, ya watse a ɗakunan attajirai. Haka kuma Thomas Baines (1820–1875), wanda ya raka Livingstone zuwa kogin Zambezi a 1858, aka sallame shi bisa zargin da bai amsa ba, ya zana kukoki da magangarar ruwan Victoria, ya rasu a Durban hannunsa babu komai. Zane-zanensa daga baya sun zama abin rububi a gidajen gwanjon Landan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai kuma wadda ta bi wata hanya dabam. Marianne North (1830–1890) ta zaga nahiyoyi tana zana tsirrai a inda suke tsirowa, ba a kan farar takarda tsirara ba. Da kuɗinta ta gina ɗaki a lambun Kew, aka buɗe shi a 1882, ta sa sharaɗin cewa zane-zanenta, fiye da 800, su zauna tare. Abin da ta yi ya yi daidai da waƙafi. Don haka ba a cika jin sunanta a jerin masu tsada ba, amma mai nazari yana iya tsayawa a ɗaki guda ya ga aikinta gaba ɗaya. Redouté da North sun nuna cewa tsadar zane da amfaninsa ga ilmi suna iya raba hanya.

3.0 Kano Daga Dutsen Dala

Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya shigo Kano a farkon Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. A cikin wannan wata ya hau Dala ya zana birnin kamar yadda ya hango shi. Littafinsa mai juzu'i biyar ya fito a 1857 da 1858, na Ingilishi a Landan a wurin Longman, na Jamusanci a Gotha a wurin Justus Perthes. Hoton Kano daga Dala yana cikin waɗanda aka fi maimaita bugawa, har ya zama in an tashi nuna Kano ta ƙarni na 19 shi ake fara ɗaukowa.

Amma fa hoton da ke cikin littafin bai fito kai tsaye daga hannun Barth ba. Barth masanin tarihi da harsuna ne, zanensa na matafiyi ne mai sauri. Wanda ya mayar da waɗannan zayyane-zayyane cikakkun hotuna shi ne Johann Martin Bernatz (1802–1878), Bajamushe mai zanen shimfiɗar ƙasa da ya zauna a Munik. Bernatz ya ga Falasɗinu, ya kuma bi tawagar Harris zuwa Shawa ta ƙasar Habasha a farkon shekarun 1840, har ya fitar da littafin hotunan Habasha a 1852. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Bayan shi kuma akwai hannu na uku, na masu bugu. A wannan fasaha ana yin zane da alli mai maiƙo a kan fuskar dutse mai santsi, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙo yake kaɗai, kuma kowane launi yana bukatar dutsensa. Saboda tsada, launuka kaɗan ake sawa.

Ashe ke nan hoton riwaya ce mai matakai uku: Barth ya gani, Bernatz ya karɓa daga gare shi, mai bugu ya karɓa daga Bernatz. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to a nan mai gani bai ƙware da zane ba, gwanin zane kuma ji ya yi. Wannan yana da sakamako biyu ga mai nazari. Na farko, abin da ya shafi tsari, kamar yadda gidajen ƙasa suka cakuɗe da na ciyawa, da filayen da ke cikin ganuwa, da tsayuwar itatuwan dabino a tsakanin gidaje, ana iya dogara da shi gwargwado, domin bayanin Barth a rubuce yana mara masa baya, kuma shi ne ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000. Na biyu, abin da ya shafi haske da launi da surar kowace bishiya, wannan sai a yi hattara. Bernatz ya tashi cikin al'adar zane wadda take tsara hoto hawa uku, gaba mai duhu da mutane kaɗan don auna girma, tsakiya mai haske, da nesa mai dishi-dishi. Wannan tsari nasa ne, da shi zai zana kwarin Jamus ko tsaunin Habasha. Idon da bai taɓa ganin hazon hunturu a Kano ba, bai kuma san bambancin inuwar tsamiya da ta gawo ba, dole ya cike giɓi da abin da ya saba gani.

Wannan ba ya rage wa Bernatz daraja a matsayin mai zane. Hotunansa suna da natsuwa, ba su cika zuzuta abin mamaki ba kamar na wasu littattafan matafiya na zamanin, kuma ya bar birnin ya zama birni, mai faɗi da tsari. Laifin yana wurin wanda ya ɗauki hoton kamar na kyamara. Kasuwa kuwa tana ƙara wannan ruɗu. Littafin Barth bai samu masu saye ba a Ingila kamar na Livingstone da ya fito a shekara guda da shi, kuma Barth ya rasu a Barlin a 1865 yana da shekara 44. Ƙarancin kwafin bugun farko shi ya sa cikakken saiti ya zama abin nema a gwanjo. Har wa yau, sananniyar ɗabi'a ce a wurin wasu dillalan tsofaffin littattafai su farke irin wannan littafi su sayar da hotunan ɗai-ɗai, domin jimillar kuɗinsu takan fi ta littafin. Da zarar an raba hoton Dala da shafukan da Barth ya yi bayani a cikinsu, an cire masa abin da ake gwada shi da shi, ya koma ƙawar bango.

4.0 Zanen Tsirrai da Sunayensu

Zanen tsirrai na kimiyya yana da ƙa'idarsa. Ana ware reshe guda, a nuna ganye da fure da 'ya'ya, a tsaga furen a nuna cikinsa, a bar bayan hoton fari. Da irin wannan zane aka ƙawata Flora of West Tropical Africa na John Hutchinson da J. M. Dalziel (1927–1936). Kafin shi H. V. Lely, jami'in gandun daji, ya fitar da The Useful Trees of Northern Nigeria a 1925, da zanen itatuwan da sunayensu na Hausa. Dalziel (1872–1948) likita ne da ya yi aiki a Arewa, kuma shi ya tattara A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, sa'an nan The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937, wanda H. M. Burkill ya sake faɗaɗawa daga 1985.

Waɗannan zane-zane baƙi da fari ne, an yi su don ma'aikaci ya gane itace a daji. Ba su da launin Redouté, ba su bi ta hannun sarauniya ba, saboda haka ba su da wani matsayi a manyan ranakun gwanjo. Duk da haka, ga mai nazarin Hausa, shafi guda na Lely ya fi furen Josephine amfani, domin a nan ne aka ɗaura kalmar Hausa a jikin surar abin da take nufi. Ƙamus yana iya cewa marke itace ne, ƙirya ma itace ce, amma zane ne yake raba su ga wanda ya tashi a birni.

Sai dai su ma waɗannan ayyuka suna da nasu giɓin, kuma ana ganinsa tun daga suna. Robert Brown ne ya raɗa wa ɗorawa Parkia a 1826, a ratayen littafin Denham da Clapperton, don tunawa da Mungo Park. Kuka ta zama Adansonia saboda Michel Adanson da ya gan ta a Sanagal. Gawo ya zama Faidherbia a 1934, da sunan gwamnan mulkin mallakar Faransa a Sanagal. Manoma da maharba da masu magani da matan da suka nuna wa Dalziel da Lely waɗannan itatuwa, suka faɗa musu sunaye da amfani, ba su samu shiga ba. Isnadin ya yanke daidai inda ilmin ya faro.

Daɗin daɗawa, reshe a kan farar takarda ba ya iya nuna abin da Bahaushe ya fi sani game da itacen. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa manomi yake barinsa a tsakiyar gona: ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Ɗorawa guda tana ba da gari, da kalwa da ake yin daddawa, da makuba da ake shafe daɓe da katanga. Wannan ilmi na lokaci ne da wuri da aiki. Don a nuna shi, sai an haɗa zanen tsiro da zanen ƙasar da ya tsiro a cikinta, kamar yadda North ta yi ƙoƙarin yi, ita kuwa ba ta zo Afirka ta Yamma ba.

5.0 Garo da Ƙasar da Ba a Zana Ba

Wanda ya fita Kano ta Kabuga ya bi hanyar Gwarzo, ya wuce Rimin Gado ya doshi Garo, zai ratsa gonakin dawa da gero da gyaɗa waɗanda itatuwa suka tsaya a cikinsu tazara-tazara: kuka, ɗorawa, tsamiya, gawo, kanya, ɗinya, da mangwaro da darbejiya waɗanda suka zo daga baya. Baƙo yana iya ɗaukar wannan sauran daji ne da aka sare. Binciken Michael Mortimore da abokan aikinsa a karkarar Kano, tun daga shekarun 1960, ya nuna akasin haka, watau manoma ne suke zaɓen abin da za su bari, su kare shi, su yi masa sassabe, kuma kowace bishiya tana da mai ita. Wannan shimfiɗa aikin hannu ce ta zuriya bayan zuriya. Sunayen wurare kamar Rimin Gado da Ɗorayi da Kurna shaida ne cewa da itatuwa Hausawa suke karanta ƙasarsu.

Irin wannan karkara ba ta samu gurbi a kasuwar zane ba. Kasuwar zanen Nijeriya ta bunƙasa tun da Arthouse Contemporary ta fara gwanjo a Legas a 2008, Bonhams kuma ta ware rana ga zanen Afirka daga 2009. A Fabrairu 2018 aka sayar da Tutu na Ben Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2, bayan an gano shi a wani gida a arewacin birnin. Hoton fuska ne, mai labarin ɓata da samuwa, irin abin da gwanjo yake so. Idan aka zo kan Arewa, abin da aka fi zanawa aka fi saye shi ne mahaya dawaki a hawan salla, da 'yan matan Fulani masu tallan nono, da ƙofofin birni. Gona da itatuwanta sukan zama baya ne kawai ga doki. Wannan kuwa duk da cewa a Zariya ne ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958.

Wani zai ce addini ne ya hana. Wannan hujja ba ta tsaya ba, domin saɓanin malamai a kan surar mai rai yake. An ruwaito cewa Ibnu Abbas ya umarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Zanen ƙasa da tsirrai shi ne nau'in da ƙofarsa ta fi kowanne buɗewa ga Musulmi. Hasali ma masu fentin manyan motoci da allunan shaguna sun daɗe suna zana giginya da tafki da tudu, sai dai aikinsu yana mutuwa tare da jikin motar, babu sa hannu, babu kundi. Abin da ya rasa shi ne mai saye da ma'ajiya.

Ba za a musanta cewa gwanjo yana da nasa alheri ba. Yakan fito da abin da ya ɓace, yakan sa a gyara abin da ya lalace, kundinsa kuma yakan zama hanya guda ta ganin hoton da zai sake shigewa gidan wani. Amma ba ya iya sayar da abin da ba a zana ba. Littafin Barth da na Dalziel an riga an ɗauki hotunansu an sa a intanet, ɗalibi yana iya duba su kyauta, don haka ba lalle ne jami'a ta yi gogayya da attajirai a Landan ba. Abin da ba shi da madadi shi ne surar tsohuwar kukar da za a sare gobe don faɗaɗa titi ko gina gida, da sunan da tsohuwa take kiran wani haki da shi wanda jikanta bai sani ba. Kalmar tsiro takan ɓace ne jim kaɗan bayan tsiron ya bar idon mutane.

6.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa farashin gwanjo yana auna suna da mallaka da ƙaranci, kuma yana iya kai wa ga wargaza aikin da amfaninsa yake cikin haɗuwarsa. An nuna cewa hoton Kano na Barth da Bernatz shaida ce mai daraja matuƙar an karanta shi tare da rubutun da ya zo da shi, aka kuma tuna hannaye uku da ya bi. An kuma nuna cewa zanen Lely da na littattafan Dalziel, waɗanda kasuwa ba ta damu da su ba, su ne suka fi kusa da bukatar mai nazarin Hausa, ko da yake sun bar sunayen masu ba da bayani a baya.

Abin da ya rage aiki ne da ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da sassan Hausa da na kimiyyar tsirrai na Jami'ar Bayero suna iya haɗa ɗalibai uku-uku, mai zane da mai harshe da mai tsirrai, a tura su wuri guda kamar Garo, su zana kowane itace sau biyu, da rani da damina, a cikin gonarsa, su rubuta sunayen sassansa da amfaninsa, tare da sunan wanda ya ba da bayanin in ya yarda. A ajiye aikin a dunƙule a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, da sharaɗin kada a raba shi kuma kada a sayar, a kuma mayar da kwafi ga makarantun garin da aka yi aikin. In an yi haka, wanda zai nemi sanin yadda ƙasar Kabo take bayan shekara ɗari zai samu riwayar wanda ya gani da idonsa, cikin harshen masu ƙasar.